Kada a Manta da Kowa a Rabon Abinci

Nassin karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, 2 Sarakuna 4:1-7, 2 Korantiyawa 8:16-24

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:10

Manufar darasi: Ka gane cewa taimakon mabukata aikin Ruhu Mai Tsarki ne, yana kuma bukatar tsari, da amana, da haɗa hannu da waɗansu.

Gabatarwa

Kafin ka ci gaba da karatu, ka tsaya ka lissafa a zuciyarka: gidaje nawa ne a ikkilisiyarku da unguwarku waɗanda ba a ɗora tukunya sau biyu a rana ba a watan Agustan da ya wuce? In ka iya kiran sunayensu, madalla. In ba ka iya ba, to wannan darasi naka ne.

Ka san yadda shekara take tafiya a Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye. Da kaka akwai gero da dawa da wake da gyaɗa, hatsi yana araha. Kafin damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. A kan wannan kuma aka ƙara waɗansu nawaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Matsalar 'yan bindiga ta hana mutane da yawa noma a Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, ta kuma kori iyalai daga gidajensu. A watan Nuwamban 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da yawa. A watan Yulin 2025 kuma, ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar.

Duk da haka mutanenmu ba marowata ba ne. Zumuntar Mata tana bayarwa, matasa suna bayarwa, ƙungiyoyin unguwa suna bayarwa, maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakka da sadaka. Abin da yakan faru shi ne kowa yana bayarwa shi kaɗai, ba ya sanin abin da ɗan'uwansa ya yi. Ga misali. Gwauruwar da take zama a layin gaba a majami'a, kowa ya san ta, sai ƙungiya uku su kai mata shinkafa a mako ɗaya na Kirsimeti. Wata kuma tana can ƙauye, ba ta da kuɗin babur da za ta zo sujada, kunya ta hana ta roƙo, babu wanda ya leƙa ta. Da Agusta ya zo, dukansu biyu babu mai tunawa da su. An bayar, amma an manta da wani. Wannan ita ce damuwar da nassinmu na yau ya yi magana a kanta.

1. Gunaguni a ikkilisiya mai cike da Ruhu

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ka tuna irin ikkilisiyar da ake magana a kanta. Ita ce wadda Ruhu Mai Tsarki ya sauko mata a ranar Fentikos. A cikinta gurgu ya tashi ya yi tafiya, a cikinta masu gonaki suka sayar suka kawo kuɗin wurin manzanni. Amma a wannan ikkilisiya aka yi gunaguni, domin a rabon abinci na kowace rana ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci, ana kula da na masu jin Ibrananci.

Nassi bai ce wani ya yi sata ba, bai kuma ce abinci ya ƙare ba. Jama'a ce ta yi yawa, masu rabo kuma sun fi sanin mutanen harshensu. Irin wannan yana iya faruwa a cikinmu, inda ɗan gari da baƙon da aiki ko kasuwanci ya kawo shi suke sujada a ɗaki ɗaya. Mai rabo yakan fara tunawa da wanda suke hira da shi bayan an tashi.

Ka lura da abin da manzanni suka yi. Ba su tsawata wa masu ƙorafi ba, ba su ce musu rashin bangaskiya ne ya sa suke magana ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Jama'a ce ta zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya. Wannan yana nuna cewa an saurari ɓangaren da aka tsallake. Bayan haka ne aya ta 7 ta ba da labarin yadda maganar Allah ta yaɗu, almajirai suka ƙaru ƙwarai.

Mu masu gaskata da cikar Ruhu Mai Tsarki, sau da yawa muna ɗauka cewa aikin Ruhu yana kan bagade ne kawai, rubuta sunaye da auna hatsi kuwa aikin jiki ne. Manzanni ba su ga haka ba. Don rabon abinci suka nemi mutane cike da Ruhu. Saboda haka in an ba ka littafin sunayen mabukata ka riƙe, kada ka ce an rage maka matsayi.

2. Mu'ujizar da ta bukaci tulunan maƙwabta

A 2 Sarakuna sura 4, matar wani annabi ta zo wurin Elisha. Mijinta ya rasu ya bar bashi, mai bin bashi kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha ya fara da tambayar abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai a kwalba. Sai ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tuluna da yawa waɗanda babu kome a ciki. Ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa, man bai tsaya ba sai da tulunan suka ƙare.

Abu uku ne a nan. Na fari, an fara da abin da ke hannunta, ko da yake kaɗan ne. Na biyu, yawan abin da ta samu ya tsaya daidai yawan tulunan da maƙwabta suka ba ta aro. Da ta kasance ba ta ga maciji da mutanen unguwarta, da tulu nawa za ta samu? Na uku, annabin ya ce ta sayar da man, ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Wato an fitar da ita daga bashi, an kuma bar mata abin dogaro.

Muna addu'a Allah ya buɗe ƙofofi, daidai ne, kada mu fasa. Amma ka tambayi kanka: in amsar ta zo yau, a cikin me za a zuba ta?

3. Abin da ƙasarmu ta riga ta sani

Haɗa hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san gayya: a taru a nome gonar mutum ɗaya yau, gobe a koma ta wani, a kuma nome ta tsoho ko marar lafiya ba tare da jiran ramuwa ba. Iyayenmu mata sun san adashi, sun san biki da gudunmawa. Su ne suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka dubi abin da aka gina a kan adashi a Maraɗi, maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda harshenmu ɗaya, hatsinmu ɗaya. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a can, a wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar 20 zuwa 30 sukan haɗu kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka amince. Ana ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukatar jari takan karɓi rance ta biya bayan ɗan lokaci. Akwai kuma wani ƙaramin asusu na taimakon gaggawa, don rashin lafiya ko rasuwa. In shekara ta zagayo, sai a raba abin da aka tara. Babu wanda ya kawo musu jari daga waje, kuɗinsu ne. Daga Maraɗi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Bambancinsa da adashin da ka sani shi ne, a adashi sai zagayenka ya zo kake kwasa, ko da ɗanka ya kwanta ciwo tun kafin nan. A wannan tsari kuwa kuɗin yana nan, mai bukata yana iya samu a lokacin bukatarsa. In Zumuntar Mata ko ta maza za ta gwada, sai a tattauna batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance tun daga farko. Fitowa 22:25 da Littafin Firistoci 25:35-37 sun hana cin ruwa a kan matalauci, maƙwabtanmu Musulmi ma addininsu ya haramta riba. Don haka kuɗin magani da na abinci kada a ɗora musu ko kwabo.

4. A tara da kaka, a raba da damina

Yusufu bai jira yunwa ta shigo Masar ba. A Farawa 41 ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi. Haka kuma a Ayyukan Manzanni 11:27-30, annabi Agabas ya faɗa ta wurin Ruhu cewa babbar yunwa tana zuwa. Masu bi na Antakiya ba su tsaya ga jin annabci kawai ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Kai ba ka bukatar annabi ya gaya maka cewa Yuli da Agusta suna zuwa. Kowace shekara suna zuwa. Amma yawancin kyautarmu a Disamba muke yi, lokacin da hatsi ya fi yawa a gidaje. Ba laifi ba ne a faranta wa mutane rai da Kirsimeti. Sai dai buhun da aka saya da araha lokacin kaka, aka adana shi da kyau, ya fi amfani ga iyali a tsakiyar damina, sa'ad da maigida yake barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don a sami na tuwon dare.

Ka yi wannan lissafi. In gida 20 suka kawo tiya biyu-biyu ta gero ranar godiyar kaka, an sami tiya 40, kusan buhu guda. In ikkilisiyoyi biyar na yankinmu suka yi haka suka haɗa a wuri ɗaya, buhu biyar ke nan. Ba zai ciyar da gari ba, amma zai riƙe waɗansu gidaje a makonnin da suka fi tsanani. A busar da hatsin sosai, a ɗora buhunan a kan katako, a riƙa dubawa saboda ƙwari da danshi. Mata kuma suna iya haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa domin yara ƙanana. Amma in ka ga yaro ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibiti a ranar. Kunu ba ya maganin tamowa mai tsanani.

5. Amana: kuɗin jama'a a idon jama'a

Ƙungiyoyi da yawa ba talauci ne ya kashe su ba, zargi ne. Da zarar an fara raɗa cewa ba a san inda kuɗi ya shiga ba, hannuwa sai su janye. Manzo Bulus ya san haka. Da yake tara gudunmawar ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, da kuma na uku. Dalilinsa shi ne kada kowa ya sami abin zargi, a kuma yi abin da ke daidai a gaban Allah da gaban mutane.

In Bulus bai ji haushi don an sa masa abokan tafiya ba, kai ma kada ka ji haushi in an ce a ƙirga kuɗi a gaban shaidu. Wannan shi ne hikimar akwati mai kwaɗo uku. Kada mutum ɗaya ya riƙe makulli da littafi da kuɗi, ko da fasto ne, ko dattijo. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a jimillar a kan lokaci. Yin haka kariya ce ga mai riƙon amana kansa.

Sunayen waɗanda aka taimaka kuwa su tsaya a wurin 'yan kwamiti. Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu 6:1-4 game da yin sadaka don a gani. A zamaninmu wannan ya haɗa da ɗaukar hoton gwauruwa riƙe da ƙullin shinkafa a sa a Facebook ko WhatsApp. Ka kai taimako da yamma, cikin sirri, kamar mai ziyara. 1 Timoti sura 5 ta nuna cewa ikkilisiyar farko tana da jerin sunayen gwauraye, ta kuma ce 'ya'ya da jikoki su fara ɗaukar nauyin iyayensu, domin ikkilisiya ta sami ƙarfin kula da waɗanda ba su da kowa. In mahaifiyarka tana cikin jerin mabukata alhali kana da albashi, wannan sura da kai take magana.

6. Da waɗanda ba 'yan ikkilisiyarmu ba

A nan ne waɗansu za su ce: mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, namu ma bai ishe mu ba. Gaskiya ne mu kaɗan ne. Ayar haddacewarmu ma ta ba iyalin bangaskiya fifiko. Amma ayar nan ta fara ne da dukan mutane. Irmiya 29:7 ya umarci mutanen Allah da suke 'yan tsiraru a Babila su nemi zaman lafiyar birnin, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Rijiyar burtsatsen da ta lalace a unguwarku ba ta tambayar addinin mai ɗiban ruwa. Kwalbatin da ya toshe, in ruwa ya yi ambaliya, gidan kowa zai shiga.

Ka fara da 'yan'uwa na sauran ikkilisiyoyi. Taron CAN da na PFN wuri ne da shugabanni za su iya zama su gwada jerin sunayensu, don a ga wanda ake ba sau uku da wanda ba a taɓa ba. Daga nan sai mai unguwa da dagaci, waɗanda suka san gidan da aka yi rasuwa da gidan da baƙi 'yan gudun hijira suka sauka. Akwai ƙungiyoyin ci gaban gari, da na manoma, da na 'yan kasuwa, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Maƙwabtanmu Musulmi suna da 'yan agaji da kwamitocin zakka da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, sun kuma daɗe suna kula da marayu. In an kira gayyar gyaran hanya ko yashe magudanar ruwa, ka fito da fartanyarka da wuri.

Ka kiyaye abu biyu. Kada ka ɓoye bangaskiyarka, kowa ya san kai na Almasihu ne. Kada kuma ka mai da abinci ƙugiyar kama mutane. In ka ba mayunwaci tiya da sharaɗin sai ya zo majami'a, ka ci zarafin yunwarsa, ka kuma jawo wa dukan ikkilisiya zargi. Basamariyen da ke Luka sura 10 ya ɗaure raunukan mutumin, ya biya kuɗin masauki, bai nemi kome a wurinsa ba. Ka yi alheri domin Ubangijinka mai alheri ne. In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa da tawali'u da ladabi.

Abin yi a wannan mako

Ka ziyarci gida ɗaya na wanda ka daɗe ba ka gani a sujada ba. Ka zauna, ka saurara, kada ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba.

Ka yi magana da shugaban zumuntarku a kan a zauna da sauran zumuntoci a haɗa jerin sunaye guda ɗaya, a sa har da na ƙauyuka.

Ka yanke shawara tare da iyalinka tiya nawa za ku keɓe da kaka mai zuwa, ku rubuta, ku yi addu'a a kai.

Tambayoyin tattaunawa

1. Su wane ne aka fi saurin mantawa da su a rabon ikkilisiyarmu, kuma me ya sa?
2. Me ya sa manzanni suka nemi mutane cike da Ruhu don aikin rabon abinci?
3. In aka ce a ƙirga baiko a gaban shaidu uku, rashin yarda ne ko hikima? Ka ba da dalili daga 2 Korantiyawa 8.
4. Wane aiki guda ɗaya ne za mu iya yi tare da maƙwabtanmu na unguwa kafin damina mai zuwa?

Addu'a

Ya Uba na sama, mai ciyar da tsuntsaye, mai kula da marayu da gwauraye, mun gode maka domin abincin yau. Ka gafarta mana inda muka ƙoshi muka manta da ɗan'uwa. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda kunya ta hana shi magana. Ka tayar mana da maza da mata masu amana, cike da Ruhunka da hikima. Ka ba mu zuciya ɗaya da sauran ikkilisiyoyi, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Ka kawo ƙarshen zubar da jini a Jihar Katsina, manoma su koma gonakinsu. Ka sa albarka a rumbunan Kankiya da Kusada, kada yaro ko ɗaya ya kwana da yunwa muna gani. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.